Kamaron Barrak da Angon da Ya Dahu

Idan kana zaune a unguwarmu a Jahra ta ƙasar Kuwait ka ji gilasan taga suna rawa, kofunan shayi suna kaɗawa a kan faranti, kada ka tashi da gudu, ba girgizar ƙasa ba ce. Barrak ne ya tayar da motarsa Kamaro zai je sayen burodi a kantin da ke bayan gidansa.

Bu Shamlan ake ce masa idan ana son girmama shi, kuma kullum yana son a girmama shi. Ya yi ritaya daga ma'aikata tun gashinsa bai fara fari ba, ya rasa abin da zai yi da ranakunsa, sai ya ƙare a kan motar nan. Ja ce, tsohuwar yayi daga Amurka, mai silinda takwas, tana shan mai kamar an huda tankinta. Bai taɓa tsere da kowa ba, ko da mai keke. Amma a diwaniyar Alhaji Ganim, zauren da mazan dangi da na unguwa suke taruwa su sha gahawa su yi gardama, babu tseren da Barrak bai cinye ba.

Abokin gardamarsa Mijbil ne, ɗan baffansa, mai baƙar mota Mustan. Tun suna yara suke cacar baki, girma bai ƙara musu komai ba sai tumbi.

"Bu Shamlan, doki nawa ne a cikinta yau?" Mijbil zai tambaya yana tauna dabino.

"Ɗari biyar da hamsin."

"Ikon Allah! Ranar Talata ɗari huɗu ka ce. Haihuwa suke yi ne?"

"Haihuwa suke. Naka ne ba sa haihuwa, don duk alfadarai ne."

"To mu fita hanyar Salmi mana, alfadaraina su gaisa da dawakanka."

"Ni in haɗa layi da kai? Ai kafin ka gama neman giya ta biyu na isa iyaka na sha shayi na dawo. Ina jin tausayin 'ya'yanka ne, Mijbil."

Haka ake yi shekara da shekaru, kuma da haka za a ci gaba, ba don auren Jarrah ya taso ba.

Jarrah ɗan Lulwa ne, yayar Barrak. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, kuma duk surutun Barrak, Allah ya sani yana son yaron nan har cikin ransa. Shi ya kai shi makaranta ranar farko, shi ya koya masa tuƙi, ko da yake daga baya sai da aka sake koya masa. Da aka sa ranar biki, Lulwa ta kira ƙanen nata ta zaunar da shi.

"Barrak, ka san ango yana tsayawa a layi jama'a su zo su gaishe shi, ubansa yana damansa. Jarrah ba shi da uba. Kai za ka tsaya."

Barrak ya buɗe baki, magana ta ƙi fita. Wannan ne karo na farko da aka ga haka tun da aka haife shi.

"Abu uku kawai nake so," in ji Lulwa. "Ka kai min shi a kan lokaci, a bushe, yana ƙamshi. Shi kenan. Kada ka ƙara komai daga kanka."

"Haba Yaya, sai ka ce ba ki san ni ba."

"Sanin naka ne ya sa nake faɗa."

Da yamma a diwaniya aka shiga maganar motar da za ta ɗauki ango. Mijbil ya ce, tsakaninsa da Allah kuma ba da wata manufa ba, tunda watan Agusta ne, a sa yaron a Mustan, esinta mai sanyaya mota kamar firji yake. Ai kuwa Barrak ya dangwarar da kofin gahawa ya miƙe tsaye, jijiyar wuya ta fito raɗa-raɗa.

"Ɗan 'yar'uwata a bayan alfadarai? Wallahi, billahi, tallahi, Jarrah ba zai taka ƙofar zauren biki ba sai daga cikin Kamarona! Kuma wallahi Mustan ba za ta shiga gabana ba daga nan har ƙofar!"

A wajenmu idan babba ya rantse a kanka, ba ka sa shi ya ci rantsuwarsa, balle kawunka, balle a gaban maza. Jarrah da ke zuba gahawa ya kalli Alhaji Ganim, Alhaji ya kalli silin.

"Na ji, Kawu," in ji Jarrah, da muryar wanda likita ya gaya wa sakamako.

Da Barrak ya bar motar yadda take, da an yi biki lafiya an watse lafiya. Amma ya kwana yana tunani: idan Mijbil ya taka ranar, fa? Idan ya sha gabansa a idon duniya? Washegari ya fito da akwatin sifana ya shimfiɗa tabarma a rumfar ƙofar gida, ya jingina wayarsa da bulo, wani Ba'amurke mai gemu yana bayani a ciki. Barrak ba ya jin Turanci, amma ya ce inji yarensa ɗaya ne a duniya.

Da salansa mai rage ƙarar inji ya fara. Ya yanke tukunyar ya bar bututu tsirara. Da ya tayar don gwaji, tantabarun maƙwabcinsa suka tashi gaba ɗaya, har yau wasu ba su dawo ba. Limamin unguwa ya tako da kansa ya ce, "Bu Shamlan, don Allah ka riƙa duba agogo. Jiya na kai raka'a ta biyu ban ji abin da nake karantawa ba."

"Allah gafarta Malam, numfashi take yi. Da can a shaƙe take."

"To Allah ya ba ta lafiya, mu kuma ya ba mu haƙuri."

Daga nan ya yanke sifirin don ta kwanta ƙasa, wai iska ta riƙa bi ta samanta. Ya cire kujerar baya. Ya cire ta gefen direba ya sa wata ta tsere mai kama da kwando, da ɗamara ta ko'ina. Ya huda murfin inji ya ɗora wani ƙarfe mai zuƙar iska wanda ya tsaya ƙiƙam a gaban gilashi kamar tukunyar biki. Ya cire fankar lagireto, ya ce mota mai gudu iskar hanya ta ishe ta. Gilasan ƙofa ma ya ce sun yi nauyi, ya zare su da injin da ke ɗaga su, ya ɗaure farar roba da kusoshi, ya bar 'yar huda kamar bakin kofin shayi.

Mijbil ya biyo ta wajen ya tarar da shi yana fama da wani abu a gefen inji, gumi yana ɗiga daga gemunsa.

"Wannan kuma mene ne ka ciro?"

"Ɓarawo ne. Doki ashirin yake sace min kullum."

Mijbil ya sunkuya ya duba, ya ɗago a hankali. "Barrak, esi ne wannan."

"Na sani."

"A Agusta. A Kuwait."

"Wanda zai isa cikin minti biyar me zai yi da esi? Kafin zafi ya gane mun fito, mun isa."

Mijbil ya buɗe baki zai yi magana, ya tuna shekarun da ya yi yana magana, ya rufe. Ya ciro waya ya ɗauki hoton esin a kan tabarma ya yi gaba.

Ranar biki rana ta fito da niyya. Bayan la'asar ma iska kamar an buɗe tanda, ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa. Motoci suka cika layin gidan Lulwa, an wanke an goge. Jarrah ya fito tsaf: farar riga mai sitati, ƙyallen kai ya tsaya cak kamar an auna da ma'auni, baƙar alkyabba mai bakin zinariya a kafaɗa. An turara shi da turaren wuta har sai da hayaƙi ya riƙa fita ta hannun riga. Mata suna guɗa daga ciki, Lulwa tana share hawaye a bakin ƙofa kafin a wuce da su nasu zauren.

Shigar da ango mota kawai sai da ta ci mutum uku. Aka naɗe alkyabba, aka lanƙwasa ango, aka cusa shi a kwando, Barrak ya ɗaure shi da ɗamara hagu da dama kamar za a harba shi sama. Ƙyallen kan ya daki rufi ya karkace.

"Kawu, ina ake buɗe gilashin?"

"Ba a buɗewa. Ga huda nan."

"Esin fa?"

"Ka yi bismilla kawai, ɗana."

Ya murɗa makulli. Yaran unguwa suka toshe kunne, ƙararrawar motoci huɗu ta tashi lokaci guda. Barrak ya leƙa madubi ya ga Mustan a bayansa, ya yi murmushi, ya saki kuloci. Motar ta yi tsalle ta yi gaba, ta yi tafiyar da ba ta wuce tsawon gida uku ba, sai ji kake ƙuuu, ƙaf!

Tudun rage gudu ne. Kamaro ta hau ta zauna a kansa da cikinta, tayun baya suna juyawa a iska, tana lilo gaba da baya.

Maza suka firfito daga motoci cikin fararen riguna. Wani ya ce ango ya sauka a rage nauyi. Barrak ya buɗe ƙofa ya daka tsawa, "Ango ba ya sauka sau biyu! Ku ɗaga!" Suka kama, ya Allah, ya Allah, suka ciccibi mota da kawu da ango suka tsallakar. Unguwarmu kuwa Allah ya hore mata tudu, kowane layi da nasa, wani ma biyu. A na uku mutane suka daina komawa motocinsu, suka riƙa binta a ƙasa kamar masu rakiyar gawa. Wani tsoho da ke ba shukokinsa ruwa ya ga an wuce da ita a hannu, ya cire hula ya ce, "Wa ya rasu?"

"Aure ne, Baba!"

"To Allah ya ba da haƙuri."

Da aka fita babban titi Barrak ya ce yanzu za a ga aiki. Abin da ya manta shi ne rakiyar ango ba gudu ake yi ba. Samari sun cika titi hagu da dama da gaba, ana hon, ana tafi, ana ɗaukar hoto ta taga, tafiya ake kamar ta raƙumi mai ciki. Dawakan Barrak duk suka taru suna haushi a wuri ɗaya. Zafin inji ya biyo ta ƙasa, rana ta bugo ta roba, motar ta zama tukunya da murfi.

"Kawu, ƙafata tana ƙonewa!" Jarrah ya ƙwala, don sai da ihu ake jin juna.

"Ƙarfin ne kake ji! Ba kowa ke samun wannan ba!"

"Kawu, sitatin rigata ya narke!"

"Ai gara, ya fi laushi!"

Shi kansa Barrak gumi ya rufe masa ido, ga tukunyar da ya kafa a gaban gilashi ta tare rabin hanya, sai ya karkata kai kamar kaza yake tuƙi. A danja Mijbil ya matso ta gefen ango, yana lura kada hancin Mustan ya wuce, ya sauke gilashi. Wani sanyi ya fito daga motarsa har ana ganinsa. Ya dubi Jarrah ya ga fuska ta yi jawur, ƙyallen kai ya kwanta kamar ganyen da aka dafa. Ya buɗe kula ya fara tura ƙanƙara ta hudar nan, ɗaya bayan ɗaya, Jarrah yana cafewa yana zurawa a wuyan riga.

"Kada ka karɓi komai daga hannun abokin gaba!" in ji Barrak.

"Ga taka, Bu Shamlan," Mijbil ya turo wata.

Barrak ya karɓa ya sa a ƙarƙashin hula.

A babban shataletale abin ya ƙare. Allurar zafi ta kwanta a ja, inji ya yi tari, ya yi atishawa, wani farin tururi ya turnuƙe ta ramin da aka huda, sai shiru. Shirun ma har ya fi ƙarar ban tsoro. Ga bututun salansa da tudu ya karya yana jan ƙasa a baya.

"Hutawa take yi," Barrak ya faɗa wa jama'ar da suka taru. "Ku ba ta iska."

Ya kwanta a kwalta mai zafi ya shige ƙarƙashinta da farar rigarsa ta biki. Ya nemi igiya babu, sai ya zare igal ɗinsa, baƙar igiyar nan da ke danne ƙyallen kai, ya ɗaure bututun. Bai isa ba. Ya miƙo hannu waje, "A ba ni wani!" Sai da ya karɓi na mutum uku, suka tsaya dafe da kawunansu iska tana neman tsiraita su. Yana cikin ɗauri ya ga wata tiyo tana lilo, ya ce wannan ma ba a wurinta take ba, ya ja. Baƙin mai mai ɗumi ya sauko masa tun daga goshi har cibiya.

Da ya fito, yara biyu suka ruga bayan ubansu.

Alhaji Ganim ya tako da sandarsa. "Bu Shamlan, ka ji tsoron Allah. Surukai suna can tsaye, rana tana faɗuwa. Addini ya yi sauƙi, ka ciyar da miskinai goma ka warware rantsuwar nan. Ni zan sayi shinkafar."

"Alhaji, a gidanmu ba a cin rantsuwa. A ce a Jahra Barrak ya rantse ya janye? Gara a binne ni a nan."

"To a kira janwe ya ɗauke ku ku duka."

"A ce janwe ne ya kawo ango? Ina!"

"Ina da igiya a but," in ji Mijbil. "In ja ka."

"Ka ji shi, Alhaji? Ka ji makirci? Ya ja ni don ya shiga gabana!"

Jarrah ya samu ya tura ƙofa ya zuro kai yana haki. "Don girman Allah, ko mene ne ku yi. Kawu Mijbil, idan ba za ka shiga gaba ba, ka shiga baya."

Aka dubi juna. Alhaji Ganim ya aika aka ɗauko matashin da yake jingina da shi a mota saboda ciwon baya, aka ɗaure shi a hancin Mustan. Mijbil ya shafa bambarsa kamar mai sallama da ɗa, ya ce saboda marayan nan kawai, ya shiga ya matso a hankali har matashi ya manne da bayan Kamaro. Ya taka. Ayari ya motsa.

To ka san Barrak. Ba a yi nisa ba ya gyara zama, ya ɗora hannu ɗaya a sitiyari, ya fara ɗaga wa mutanen gefen titi ɗayan, fuska baƙi ƙirin sai haƙora.

"Jarrah, duba madubi. Ka ga Mustan?"

"Na gan ta, Kawu."

"Tun daga shataletale take bina, ta kasa wucewa. Kuma ko injin ban kunna ba! Ka faɗa wa 'ya'yanka."

"Zan faɗa musu, Kawu, idan na rayu."

"Rufe ƙofar nan, iska tana rage mana gudu."

Jarrah dai bai rufe ba. Ya tokare ta da ƙafa, gefen alkyabba yana sharar titi.

Ana kiran magariba suka shigo harabar zauren. An jera maza sahu biyu da takubba, masu ganga suna kiɗa, uban amarya da 'yan'uwansa suna tsaye a bakin ƙofa cikin alkyabbu, kusa da wani dogon tebur da aka shirya butocin gahawa da tarin dabino da kaskon turare. Kowa waya a hannu, don labari ya riga su isowa. Mijbil ya ɗan ƙara turawa don su hau gangaren shiga, sannan ya taka birki ya tsaya.

Kamaro ba ta tsaya ba.

Barrak ya taka birki ya ji shi kamar dutse, don birkin motar nan sai inji yana aiki yake kamawa da sauƙi. Ya taka da ƙafa biyu. Ya nemi birkin hannu, ya tuna yana can kan tabarma tare da esi. Motar kuwa ba gudu take ba, tafiya take a natse kamar tsohuwa za ta unguwa, amma babu mai tsayar da ita.

"Ku kauce! Ku kauce!"

Masu ganga suka ɗauka kirari yake, suka ƙara wuta. Sai da ta zo daf sahu ya watse, takubba suka zube, wani ya haye kan ɗan'uwansa, uban amarya ya tattare alkyabba ya yi wani tsalle da iyalinsa ba su san yana da shi ba. Kamaro ta je ta sumbaci teburin. Teburin ya yi tunani kaɗan, sannan ya kife. Butoci suka yi ta gangara, gahawa ta malale, dabino ya bazu har ƙarƙashin motocin baƙi.

Aka kwance Jarrah aka zaro shi. Ya jiƙe sharkaf, rigar ta manne masa, alkyabba ta koma tsumma, ƙamshin turare ya tafi ya bar na fetur. Ya taka dabino ya kusa zamewa, aka tare shi.

Barrak ya fito ya buɗe hannuwa. "Jama'a shaida! Daga wace mota ango ya sauka? Wace mota ce a gaba?"

Duk sun juya suna kallon bayansa. Lulwa ce. Ta fito daga zauren mata cikin abayarta, waya a hannu, ta gama kallon komai tun daga tudun farko. Ta dubi ɗanta sama da ƙasa. Ta dubi ƙanenta.

"A kan lokaci," ta ce. "A bushe. Yana ƙamshi."

"Yaya, ai lokacin dai..."

"Rufe min baki, Barrak."

Ya rufe. Nan take aka shiga gyara. Alhaji Ganim ya cire alkyabbarsa ya ce a yafa wa ango, wani abokin Jarrah mai irin jikinsa ya ce zai ba da rigarsa, aka aika a sake hura turare. Uban amarya, yana kakkaɓe dabino daga takalmi, ya ce da an idar da sallar isha za a buɗe ƙofa a fara gaisuwa, baƙi sun fara cika. Sannan ya dubi Barrak, baƙin mai yana ɗiga daga gemunsa, ya ce a hankali, "Alhaji Ganim sai ya tsaya a daman ango, ko?"

Sai a lokacin abin ya daki Barrak. Ya dubi hannuwansa, ya dubi rigarsa, ya ga babu wanda zai bari ya matsa kusa da farin kaya, balle ya rungumi baƙi. Wurin da yayarsa ta ba shi, wurin mahaifin yaron, ya sayar da shi a kan doki ashirin.

"Haka ne," ya ce. "Alhaji ya tsaya."

"A'a," in ji Jarrah. Yana tsaye mutum biyu suna riƙe da shi, ana yi masa fifita da murfin kwali. "Ya dafa ni, na yarda. Amma ba zan tsaya a layin nan ba sai Kawu yana damana. Ya je ya yi wanka ya dawo, ina jira."

Hawaye suka zubo wa Barrak, suka yi hanya biyu farare a cikin baƙin mai.

"Gidansa yana can ƙarshen gari," wani ya ce. "Kafin isha? Sai dai mai gudu."

Lulwa ta juya ta nuna Mustan da wayarta. "Wallahi, billahi, tallahi, Barrak, ba za ka je gidan nan ka dawo ba sai a cikin motar Mijbil."

Barrak ya zabura. Ya waiga wajen Alhaji Ganim. "Alhaji, ai ɗazu ka ce akwai maganar miskinai goma..."

"Ni kuma aka ce min a gidanku ba a cin rantsuwa," in ji Alhaji, yana gyara zaman sandarsa.

Mijbil ya kwance matashin daga hancin motarsa, ya shimfiɗa ledoji a kujera har biyu, ya buɗe ƙofa ya rusuna kamar direban otal. "Bismilla, Bu Shamlan. A yi haƙuri da alfadarai."

Barrak ya shiga a gaban duk wayoyin Jahra, ya naɗe hannu a ƙirji, ya kafe ido a gilashi. Suka fita harabar. Da suka hau babban titi Mijbil ya ci gaba da tafiya a hankali, yana 'yar waƙarsa. Barrak ya dubi sama ya ga ja ya fara barin gari. Ya yi gyaran murya. Ya sake yi.

"Mijbil."

"Na'am?"

"Yaron nan yana jira."

"To me kake so in yi?"

Barrak ya kau da kai. "Taka ta."

"Ban ji ba."

"Na ce ka taka ta, don Allah!"

Mijbil ya taka. Kujera ta haɗiye Barrak, fitilun titi suka koma zare, ya damƙe hannun ƙofa yana salati a ɓoye. Sanyi yana bugun fuskarsa, yana ratsa rigar da ta manne, har wani lumshe ido ya kama shi.

"Tana ɗan ja ta hagu," in ji Barrak.

"Haka ne."

"Kuma giyarta tana da nauyi."

"Na sani."

Barrak ya gyara zama a kan leda, ya juyo da hancin esin saitin wuyansa, bai kalli ɗan baffan nasa ba.

"Ɗan ƙara sanyin."